Daminar Kagoro da yoyon but ɗin tsofaffin motoci

A gindin duwatsun Kagoro, cikin ƙaramar hukumar Kaura, damina kan faro a Afrilu ta kai Oktoba. Ita ce ke tona asirin tsofaffin motocin haya masu zirga-zirga zuwa Kafanchan. Ruwa kan kwanta a ramin safaya taya, ya jiƙa buhun citta ko masara, sannan tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki.

Abin da ke wahalar da direba shi ne, inda ruwa ya taru ba nan ya shigo ba. Shi ya sa masu gyaran jikin mota kan kwashe shimfiɗar but ɗin, su busar da shi, su barbaɗa hoda. Mutum ɗaya ya leƙa ta bayan kujera da tocila, wani yana zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama, sannu a hankali. Sawun da ruwan ya bari a hodar shi ke nuna kafar.

Galibi laifin na robar murfi ne da rana ta busar, ko ta fitilun baya, ko gefen gilashi, ko tsohon walda da ya tsage. Sauya roba kafin saukar ruwan fari ya fi sauya ƙasan but araha.