Korar Baƙi: Darasin Shari'ar Shugaba Darman

A ƙasashen Gwarzo da Kabo, kamar sauran sassan Jihar Kano, akwai gidajen da uba ko kaka ya zo ne daga Jamhuriyar Nijar ko Chadi. Shin gwamnati tana da ikon korar 'ya'yan irin waɗannan gidaje? Shari'ar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ta ba da amsa.

A watan Janairu na 1980 jami'an shige da fice suka kama Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi bisa umarnin Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, wai mahaifinsa ɗan Chadi ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke umarnin, domin an tabbatar mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta amince da haka.

Wannan ƙa'ida tana nan a Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Sashe na 41 ya hana korar ɗan ƙasa. Ko baƙo aka tsare, sashe na 35 ya wajabta a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24.

Don haka ya kamata magidanta su adana takardun haihuwa, domin kotu da shaida take aiki.