Masanin Da Ya Shekara Hamsin Yana Farautar Guba A Cikin Iska

Manomin da ya fesa wa audugarsa magani da safe, ya wanke famfonsa ya rataye, a ganinsa zance ya ƙare ke nan: ƙwari sun mutu, magani ya bi ƙasa. Amma fa ba duka yake bin ƙasa ba. Wani kashi rana ke ɗaga shi ya zama tururi, wani ya maƙale a jikin ƙura, iska ta kwashe su gaba ɗaya. Ina suke zuwa? Wannan tambaya ita ce ta zama sana'ar wani Ba'amurke masanin ilmin sinadarai, Shehun Malami Terry Bidleman, wanda ya shafe wajen shekara hamsin yana tace iska don ya ga abin da take ɗauke da shi.

Irin gubar da ya sa wa ido ita ce wadda masana ke ce wa mai naci, watau wadda ba ta ruɓewa da wuri. Cikinsu akwai DDT, da dildirin, da kulodan, da toksafin, da kuma man PCB da a dā ake zubawa cikin taransifomar lantarki. Ba su cika narkewa a ruwa ba, amma suna son kitse ƙwarai. Saboda haka in ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, mutum kuma ya ci babban, sai gubar ta yi ta taruwa hawa hawa, na ƙarshe shi ke kwasar kaso mafi tsoka.

Mu ma nan ba baƙinmu ba ne. A shekara ta 1954 aka fara gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato, ana fesa DDT da dildirin a bangon ɗakuna, har ma a Ambursa, kusa da Birnin Kabi, aka gano sauron da dildirin ya daina kashewa. Gamalin kuwa, wanda wasu marasa tsoron Allah suka riƙa zubawa a rafi don su kwashi kifi a sauƙaƙe, shi ma ɗan wannan dangi ne.

SOSON KATIFA

Bidleman ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Minnesota a 1970. A lokacin an riga an fara jin ƙishin-ƙishin cewa magungunan nan suna tafiya mai nisa, don a 1968 wasu masana sun bayyana cewa sun tara ƙurar da iska ke ketarowa da ita Tekun Atlantika daga wajen Afirka zuwa tsibirin Babados, suka sami ɓurɓushin DDT a ciki. Sai dai ƙura kaɗai suka kama, ba su da dabarar kama abin da ya zama tururi.

A Jami'ar Rhode Island, shi da Charles Olney suka shawo kan wannan matsala da abin da ba wanda zai ba shi muhimmanci, watau soso irin na katifa. Sukan sa injin ya yi ta zuƙar iska kwana da yini ta cikin wani bututu. A bakin bututun akwai matata mai tare ƙura, bayanta kuma gutsuren soso mai shanye tururin da ya wuce matatar. Daga nan a kai soson ɗakin bincike, a wanke shi da sinadari, a ƙafar da ruwan har ya rage ɗan kaɗan, sa'an nan a auna. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba, don sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba a kowace mita ɗaya ta iska mai tsawo da faɗi da zurfi. Mutum ya yi sakaci da tsabtar kwalba ɗaya, aikin mako guda ya tashi a banza.

Sakamakon da suka buga a 1974 ya nuna akwai PCB da DDT da kulodan a iskar Tekun Sargasso, wajen tsibirin Bamuda, kuma mafi yawansu a soso aka kama su, ba a ƙura ba. Shekara guda bayan haka suka bayyana cewa sun sami toksafin a can, alhali gonakin audugar kudancin Amurka inda aka fi fesa shi suna nesa ƙwarai, don Bamuda ta fi mil 600 daga gaɓar ƙasar.

Daga 1975 ya koyar a Jami'ar South Carolina, a 1992 kuma ya koma aikin bincike a ma'aikatar kula da muhalli ta gwamnatin Kanada. A tsakanin nan, a 1988, ya rubuta wata maƙala da har yanzu ɗalibai ke komawa gare ta, a kan yadda guba ke rabuwa tsakanin tururi da ƙura. Muhimmancin rabon shi ne, wadda ta hau ƙura ruwan sama na iya wanko ta ƙasa da wuri, wadda ta zauna a tururi kuwa ta fi yin nisa. Sanyi yana tura ta jikin ƙura da ruwa da ƙanƙara, zafi kuma ya sake tayar da ita.

A kan wannan hali ne wasu masana biyu a Kanada, Frank Wania da Donald Mackay, suka gina bayaninsu na abin da ake kira tsallen fara: guba ta tashi a ƙasa mai zafi, ta sauka, ta sake tashi, tana matsawa arewa har ta kai inda sanyi ba ya barinta ta ƙara motsi. A 1989 likitoci suka ba da labarin cewa PCB da ke cikin nonon matan ƙabilar Inuwit na arewacin Kwibek ya ninka na matan biranen kudancin lardin sau da dama. Mutanen nan ba su da masana'anta, ba su da gona. Laifinsu kawai abincinsu kifi ne da kitsen dabbobin teku.

HANNUN DAMA DA NA HAGU

Aikin da ya fi nuna basirar Bidleman ya zo ne bayan an hana amfani da magungunan. Amurka ta hana DDT a 1972, ta kuma soke yawancin amfani da toksafin a 1982, amma ga su nan a iska shekara da shekaru. To, wani ne ke fesawa a ɓoye, ko kuwa tsohon da ke kwance a ƙasa ne ke tashi?

Wasu daga cikin sinadaran nan suna da kama biyu, kamar hannun dama da na hagu. In daga masana'anta suka fito, kowanne rabi ne daidai wa daida. Amma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa da ruwa suna da zaɓi, sukan fi cin ɗaya su bar ɗaya. Saboda haka in an auna iska aka ga biyun sun yi kunnen doki, alama ce ta maganin da bai daɗe a ƙasa ba, in kuwa ɗaya ya rinjayi ɗaya, to lalle ya kwana a ƙasa ko a ruwa kafin ya tashi. Da wannan dabara shi da abokan aikinsa suka nuna cewa tsofaffin gonaki suna ci gaba da amayar da kulodan ɗin da aka zuba musu tun tuni.

Teku ma haka. Shi da Liisa Jantunen sun kwatanta awon da aka yi a tekun Bering da na Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, a 1988 da kuma 1993, a kan wani ɗan'uwan gamalin da ƙasar Sin ta daina yi a 1983. A karon farko teku ke shanye shi daga iska. A na biyu, da ya ragu a iska, sai aka ga tekun ya juya yana mayar da shi sama.

Irin wannan shaida tana cikin abin da ya kai ƙasashen duniya ga Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12, shekarar da Nijeriya ma ta amince da ita. An bar ƙofa ga DDT saboda sauro. Sinadarin gamalin ya shiga jerin a 2009. Shi kuwa Bidleman, da ya bar aikin gwamnati sai ya koma Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, inda ya karkata ga wasu sinadarai masu kama da waɗannan da ciyayin teku ke yi da kansu.

Soson nan bai yi ritaya ba. Tom Harner, wanda ya yi karatu a hannunsa, shi da Mahiba Shoeib sun sauƙaƙa dabarar yadda ba ta bukatar inji ko lantarki: faifan soso ne ake sawa tsakanin kwanonin ƙarfe biyu da aka kife wa juna, a rataye a waje, iska ta yi ta shiga da kanta. A 2008 masana daga Jami'ar Masaryk ta ƙasar Cek sun rataye irin waɗannan kwanoni a wurare 26 cikin ƙasashen Afirka 15, har da Nijeriya. In lokaci ya cika sai a cire faifan, a naɗe shi, a aika da shi ɗakin bincike, a sa sabo a madadinsa.