Dandamalin Wasanni a Filin Tarihi: Abin da Masu Zuba Jari a Bauchi Ya Kamata Su Sani

BAUCHI – Kowane babban gari yana bukatar fili inda jama'a za su taru da yamma su kalli wasan kwaikwayo, su saurari mawaƙa, ko a yi bikin al'adu. Sau da yawa filin da ya fi dacewa da haka shi ne wanda ke kusa da wani wurin tarihi, domin can baƙi suke zuwa. To amma gina dandamali a irin wannan wuri aiki ne mai bukatar lura, saboda kuskuren da aka tafka a kan takardar zane yana iya cinye jari, ya kuma lalata abin da ba a iya sake ginawa.

Birnin Bauchi yana da irin waɗannan wurare. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa garin a wajajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10, kuma har yau sunayen ƙofofinta irin su Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai suna bakin jama'a. Akwai filin ƙofar fada inda ake hawan salla. Akwai kuma kabarin Firayim Ministan Nijeriya na farko, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairun 1966, aka fara ginin hubbarensa a 1977, aka buɗe shi a 1979.

Izini da mutuncin wuri

Matakin farko shi ne sanin wanda ke da iko da filin. Wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidaje da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, kuma ba a rushe ko sauya wani abu a cikinsu sai da izininta. Ɗan kwangilar da ya haƙa harsashi kafin takarda ta fito, to ya kwana da sanin cewa ana iya tsayar da aikin bayan kuɗi sun riga sun shiga ƙasa.

Baya ga doka akwai al'ada da addini. Kabari wuri ne na ziyara da addu'a, ba a kai masa ganga. Don haka dandamalin da zai ci gajiyar baƙin da ke zuwa hubbaren tilas ne ya kasance a wani fili dabam, da tazarar da sauti ba zai isa can ba. Haka kuma dole a tsara lokutan wasa yadda ba za su ci karo da lokutan salla a masallatan unguwa ba. Neman shawarar masarauta da masu unguwanni tun farko ya fi araha bisa ga neman sulhu daga baya.

Masana adana kayan tarihi, tun daga yarjejeniyar da aka cimma a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1964, sun tafi a kan cewa sabon gini kada ya danne tsohon. Ma'anar wannan a aikace ita ce dandamali ya zama gajere, harsashinsa marar zurfi, kuma rumfarsa ta kasance wadda za a iya kwancewa ba tare da an bar tabo ba.

Rana, iska da ruwan sama

Yawancin wasanni ana fara su ne bayan la'asar. Idan 'yan kallo suka fuskanci yamma, rana za ta kashe musu ido. Idan 'yan wasa ne suka fuskance ta, su za su sha wahalar. Maganin abin shi ne a shimfiɗa wurin daga kudu zuwa arewa, rana ta faɗi ta gefe.

Damina a Bauchi takan fara a wajajen watan Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma abin da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000. Kowane manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka ɓangaren gabas ne ke bukatar kariya, kuma ƙarfin rumfa ana auna shi ne da iskar farkon damina. Wurin zama mai gangarowa kuwa kamar ƙwarya yake, duk ruwan da ya sauka gaban dandamali zai nufa. In ba a yi magudanar ruwa tun farko ba, damina ɗaya ta isa ta mayar da wurin kududdufi. A lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga na'urori, abin da ya sa ɗakin ajiya mai rufi yake cikin abubuwan da ba a tsallakewa.

Gani da ji

Wanda ya biya kuɗin ƙofa abu biyu ya saya: ya gani, ya kuma ji. Idon mutum ba ya rarrabe motsin fuskar ɗan wasa sosai in tazara ta wuce kimanin mita 20. Saboda haka ya fi kyau a jera wurin zama cikin rabin da'ira, kowane layi ya ɗara na gabansa tsawo, maimakon dogon layi miƙaƙƙe. Girkawa sun gano wannan tun da daɗewa: dandalin Efidauros, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutane kusan 14,000, kuma har yau ana wasa a cikinsa.

A fili, duk lokacin da tazara ta ninka biyu, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Bango mai tauri a bayan 'yan wasa yana mayar da murya wajen jama'a, ya rage dogaro da lasifika. Amma da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, katangar da ke fuskantar dandamali daga nisan mita 17 ko fiye za ta dawo da amsa-kuwwa mai dagula magana. Ƙananan lasifikoki da aka rarraba cikin jama'a sun fi manya guda biyu da za su hana maƙwabta barci. Injin janareta kuma a yi masa ɗaki can nesa, ko a koma ga hasken rana da batura.

Kayan gini

Ba sai an je Turai neman abin koyi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai gidan wasan kwaikwayo da wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970. An gina shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida marar rufi. Darasinsa shi ne ginin ƙasa yana da araha da sanyi, amma yana bukatar yaɓe a kai a kai. Bauchi kuwa gari ne mai duwatsu, don haka dutse shi ya fi dacewa da matakan zama, tun da ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ɓarawo kuma ba ya ɗauke shi da dare. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, ana iya neman shawararsa.

Lissafin riba

A nan ne mai jari zai fi sa ido. Shekara kwana 365 ce, amma dandamalin fili ba ya aiki a dukkansu. In aka cire tsakiyar damina da watan azumi, aka kuma tuna cewa jama'a sun fi fitowa a ƙarshen mako, daren da za a sayar da tikiti kaɗan ne, alhali albashin masu gadi, shara, wuta da gyara ba sa tsayawa. Saboda haka wurin da ya dogara ga kuɗin ƙofa kaɗai da wuya ya riƙe kansa. Dole a haɗa da bayar da haya don taron makarantu, baje kolin kayan sana'a, ƙaddamar da littattafai da nuna finafinan Hausa, sa'an nan a keɓe rumfuna ga masu tsire, masu shayi da 'yan tireda, a can gefen ƙofa inda hayaƙi ba zai dami 'yan kallo ba.

Girman wurin ma lissafi ne. Mutum ɗaya a zaune yana cin kimanin rabin murabba'in mita, ban da hanyoyi, bayan gida na maza da na mata, da wurin ajiye motoci da babura. Dandali mai ɗaukar 800 da ke cika ya fi mai ɗaukar 5,000 da ke zama wayam. Manyan taruka suna da wurinsu, wato filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya karɓi wasannin ƙwallon ƙafa na matasan duniya a 1999 da 2009.

Kasuwa kuwa akwai ta. Masu zuwa gandun dajin Yankari, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, da yawansu ta Bauchi suke bi, kuma kowane dare da suka ƙara a gari ciniki ne ga masu masauki, masu abinci da direbobi. Abin nunawa ma bai yi ƙaranci ba: littafin Shaihu Umar na marigayi Firayim Ministan an riga an mayar da shi wasan kwaikwayo, an kuma yi fim ɗinsa a 1976.

Abu na ƙarshe shi ne kulawa. Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu a Legas an kammala shi a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, amma rashin gyara ya kassara shi, har sai da aka miƙa shi ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin bankuna a 2020 domin farfaɗo da shi. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla tsakanin gwamnati da ɗan kasuwa a Bauchi ya zama wajibi ta fayyace shekarun haya, kason da za a ware daga kowane tikiti don gyara, da wanda zai biya in filin tarihin ya lalace. In ba a rubuta waɗannan ba kafin aza harsashi, to a kotu za a je a tattauna su.