Saƙar Kayan Jariri: Ɗumi Kafin Ado

A wani hunturu da ya wuce, wata 'yar'uwa ta haifi bakwaini a wani ƙauye da ke bayan Tsafe. Da muka je barka mun tarar da kwalla cike da kaya: riguna masu leshi, takalma masu ƙyalli, har da turare. Amma da na taɓa ƙafar yaron sai na ji ta sanyi ƙarara, kansa kuma a buɗe yake. Wata dattijuwa daga cikin zumuntar mata ta ciro kwarashi da ulu daga jakarta, ta zauna a bakin gado. Kafin rana ta faɗi ta gama 'yar hula. Yaron nan yana nan da rai, yana gudu. Tun ran nan nake so in yi wa ɗalibanmu bayani a kan wannan sana'a.

Me ya sa jariri yake saurin jin sanyi?

Jariri ya fito ne daga wuri mai ɗumi, jikinsa a jiƙe, ba shi da kitse sosai, kuma ba ya iya rawar ɗari kamar babba don ya ɗumama kansa. Ga shi kansa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, saboda haka ɗumi mai yawa yana fita ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya yi ƙasa da haka, sai ya yi lakwas, ya kasa kama nono, ciwo kuma ya sami hanya. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. A ƙasarmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar asuba kaɗai ta isa ta jawo wannan.

Saƙa iri biyu

Saƙa ba baƙuwa ba ce a nan. Ƙasar Gusau, Tsafe da Bungudu ƙasar auduga ce, har jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929 auduga da gyaɗa yake kwasa. Kakanninmu mata sun gurza auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa zare da mazari, an saƙa majanyi da gwado. Abin da ya zo daga baya shi ne ulu da kayan saƙa shi.

Iri na farko shi ne saƙar kwarashi. Ƙarfe ɗaya ne mai ɗan ƙugiya a baki. Ana farawa da sarƙa, sa'an nan a riƙa cusa ƙugiyar ana jawo zare, madauki ɗaya ne kawai yake kan ƙarfen kusan kullum. Don haka in an yi kuskure, warwarewa ba wuya. Saƙarsa tana da kauri, ta dace da bargo da takalmi.

Iri na biyu shi ne saƙar tsinke biyu. A nan madaukai da yawa suna jere a kan tsinke ɗaya, ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗayan. In ɗaya ya suɓuce, sai ya warware har ƙasa. Ya fi wuyar koyo, amma saƙarsa ta fi laushi da miƙewa, shi ya sa ya fi kyau ga hula, safa da rigar sanyi. Mai koyo ta fara da kwarashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Zaɓen zare

Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Ga yadda za ki gane: ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Ulu na ainihi yana warin ƙonannen gashi, ya murmushe a hannu. Na roba yana narkewa ya zama ɗan dunƙule mai tauri. Auduga kuwa tana ci kamar takarda, ta bar toka. Na roba yana da araha da sauƙin wanki, amma a ɗakin jego inda ake hura wuta, a nisanta shi da garwashi, gama in ya narke yana manne wa fata. Kowane iri kika saya, ki goga shi a wuyanki tukuna. In ya yi miki ƙaiƙayi, jariri ba zai iya da shi ba.

A kuma duba watan haihuwa. Wanda za a haifa a bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, zaren auduga marar nauyi ya ishe shi. Naɗe shi cikin ulu a Afrilu zai kawo masa ƙuraje da wahala.

Awo

Kewayen kan jariri mai cikakkun watanni kamar santimita 34 ne. A saƙa hular ta ɗan gaza haka, domin tana miƙewa. Tafin ƙafarsa kamar santimita 8 ne. Bargo mai santimita 80 kowane gefe ya isa.

Abubuwan kiyayewa

1. Kada a sa maɓalli ko duwatsun ado. Suna cirewa, yaro ya haɗiye.
2. Kada a sa wa hula doguwar igiya, tana iya naɗe wuya.
3. A saƙa da ƙananan idanu, kada yatsa ya maƙale. A ɓoye bakin zare sosai, domin sili ɗaya yana iya ɗaure ɗan yatsa har ya kumbura.
4. A wanke kayan da sabulu marar ƙarfi kafin a sa masa, a shanya su a kwance.
5. Bargo kada ya rufe fuska in yana barci.

Hula ba ta maye gurbin uwa. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, likitoci suka fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, daga shi sai hula da ɗan ƙyalle, a lulluɓe su tare. Yau ana koyar da wannan a asibitocin Nijeriya. Ana kuma ba da shawara a jinkirta wankan farko har awa 24. Jaririn da ya ƙi ɗumi ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ya ku ɗalibai, mata da maza, dunƙulen ulu ɗaya da yamma biyu sun isa hula da safa. A Ayyukan Manzanni sura 9, da tufafin da Dokas ta ɗinka ne gwauraye suka shaide ta. In kun je hutu, ku tambaya a unguwarku wa ke da tsohon ciki, ku fara saƙa tun kafin sanyi ya shigo. Ku fara da hula, ado ya biyo baya. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin.