Uwargida, Saƙa Wa Yaranki Hular Sanyi Da Hannunki

Yau hirarmu a kan hular sanyi ce, irin wadda ake saƙawa da zaren ulu mai kauri.

Duk wadda ta yi hunturu a Jibiya ta san abin da nake nufi. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, iskar nan mai hazo takan kaɗo daga arewa, ta ratso Maraɗi da Ɗan Isa, ta shigo mana ta Magama. Da asuba ruwan randa sai ka ce ƙanƙara. Babba ya ja bargo, to jariri fa? Kan jariri babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, shi ya sa ɗumin jikinsa yake saurin fita ta nan. Abin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a jinkirta wa jariri wankan farko har awa 24, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe masa kai. Kin ga ashe hula ba ado ba ce kawai.

Me ya sa na zaɓi zare mai kauri? Domin yana riƙe iska a tsakanin silinsa, iskar nan ce take tsare ɗumi. Sannan aikinsa yana sauri. Mai hannu takan gama hula ɗaya tsakanin azahar da isha. In maigida ko yaro ya je kasuwar Lahadi bai samu mai kaurin ba, ya sayo siririn. Sai ki haɗa sili biyu ko uku ki saƙa su tare, sun zama mai kauri ke nan. Ki tanadi tsinken saƙa biyu masu kaurin milimita 7 ko 8, da babbar allura, da almakashi, da tef na awo.

Kafin ki fara, ki yi gwaji. Ɗora ido 12 a tsinke, ki saƙa layi kamar goma, ki auna faɗinsa. In ya ba ki santimita 10, lissafin da zan ba ki ya yi daidai. In bai kai ba, hannunki ya cika tsauri, ki sassauta ko ki nemi tsinke mai kauri. Kada ki ce wannan ɓata lokaci ne, ya fi ki gama hula ta ƙi shiga kai ki dawo kina warwara.

Yanzu auna kan mai hular, ta goshi da saman kunne. A ce yaro ne ɗan shekara uku, kansa santimita 50. Ki rage 5, saboda saƙa tana talewa, saura 45. Wannan ido 54 ke nan. Na sabon jariri ido 36, na maigida ido 60.

Da farko bakin hula. Ki riƙa ido ɗaya saƙar gaba, ɗaya saƙar baya, haka har ƙarshen layi, ki yi ta maimaitawa har ya kai santimita 5. Shi ne yake kama kai kamar roba. Daga nan sai gangar hula: layi guda duk saƙar gaba, na biye duk saƙar baya, har tsawon aikin daga baki ya kai santimita 13. Na jariri 9 ya isa, na babba kuwa 16.

To, saurara da kyau, nan ne mata da yawa suke rikicewa, wato wajen rage ido. Ki saƙa huɗu, ki haɗa biyu su zama ɗaya, har ƙarshen layi. 54 ya koma 45. Ki dawo da saƙar baya ba ragi. Sai uku ki haɗa biyu, saura 36. Bayan kowane layin ragi akwai layin dawowa. Sai biyu ki haɗa biyu, saura 27. Sai ɗaya ki haɗa biyu, saura 18. Sai ki haɗa su bibbiyu, saura 9. Ki yanke zare da tsawo kamar kamu ɗaya, ki zura a allura, ki bi ta cikin idon nan tara ki zuge tamau, sannan ki ɗinke gefe da ragowar zaren ta ciki. In kina so ki yi mata tuntu a tsakiya. Shi ke nan, hula ta fito.

Akwai gargaɗi, don Allah a kiyaye. Yawancin zaren da muke kira ulu na roba ne, in wuta ta lashe shi narkewa yake ya manne a fata. Kada yaro ya sunkuya kan kaskon wuta da hula a kansa. Shi ma kaskon gawayi kada a kwana da shi a ɗaki rufe, domin yana fitar da guba marar wari mai kisa cikin barci. Hular jariri kuma ban da igiya a wuya, ban da duwatsun ado da zai iya haɗiyewa. In rana ta yi, ko kika taɓa ƙeyarsa kika ji gumi, ki cire masa. Wajen wanki, ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, kada ki murɗe, ki shimfiɗa ta a inuwa. In kin rataya ta jiƙe, miƙewa za ta yi.

Sai maganar jari. Mu nan mun ga yadda rufe iyaka yake taɓa tukunyar kowa. An rufe a Agustan 2019, tamu ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Magidanta nawa ne suka rasa abin cefane a lokacin? Macen da take da sana'a a ɗakinta ita ta rufa wa gida asiri. Ki fara saƙa tun kaka, kafin sanyi ya sauko zare ya yi tsada. Da sanyin safiya ake kama fara. Ki lissafa kuɗin zare, ki ɗora ladan hannunki, sannan ki faɗi farashi. Ba sai kin ɗora wa yarinya talla lokacin makaranta ba. Gidan suna da 'yan adashinku da hoto a WhatsApp sun ishe ki kasuwa.

Guntayen zaren da suka rage kuma kada ki zubar. Ki haɗa su ki yi ƙaramar hula ko da kala-kala ce. Muna da 'yan uwa da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu da goyo a baya, kin san inda za ki aika da ita.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki safar jarirai ta kwarashi. Uwargida, a huta lafiya.