Zoɓo, Riɗi da Tsufan Fata a Ƙasar Kazaure

Manomin da ya shekara talatin yana noma a gonakin Roni ko Gwiwa yakan riga tsaransa na birni yamushewar fuska, kuma rana ce babban dalili. Haskenta yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda idan ya ratsa fata yakan haifar da wasu ƙwayoyin sinadari marasa natsuwa da ke cin abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su ne ke tayar da abubuwan da ke tsinka kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Tun a 1956 masanin Amurka Denham Harman ya danganta tsufa da wannan ɓarna.

Sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi, waɗanda masana ke kira antiyoksidan, suna da yawa a amfanin gonakin wannan yanki. Jan launin zoɓo, wanda Jigawa ta yi suna wajen nomansa, ya samo asali ne daga sinadarin antosiyanin, yayin da riɗin da ake nomawa har kan iyakar Nijar ta wajen Babura ke ɗauke da sesamol da bitamin E, abin da ya sa mansa ke daɗewa bai lalace ba. Garin 'ya'yan kuka kuwa yana da yalwar bitamin C, wanda in babu shi jiki ba ya iya saƙa sabon kolajin, sannan tumatirin lambunan rani yana da laikofin, wanda jiki ya fi tsotsa idan an dafa shi da mai, yadda dama ake yin miya.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar amfaninsu, domin mafi yawan gwaje-gwajen da suka nuna ƙarfinsu an yi su ne a ɗakin bincike ko a kan dabbobi, kuma babu ganyen da ke mayar da tsohuwa budurwa. Man kaɗe yana hana kaushi da faso a lokacin hunturu, amma kariyarsa daga rana ba ta kai ta malafa ba. Abin takaici shi ne yadda mayukan bilicin, musamman masu sinadarin haidirokwinon, ke rage melanin, wato launin da ke tare hasken rana a baƙar fata, har mai shafa su ta wayi gari fatarta ta yi dabbare-dabbare tun ba ta kai arba'in ba.