An biya kuɗin sabuwar taga, amma ƙura na shigowa ɗaki: Me doka ta tanada?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, asirin tagogi da yawa yakan tonu a garin Tsafe. An rufe taga ruf, an ja labule, amma da asuba sai a tarar da ƙura ta kwanta a kan gado, labulen na motsi shi kaɗai, yara na tari.

Abin takaicin shi ne, sau da yawa tagar sabuwa ce. Maigida ya cire tsohuwar luba ko ta ƙarfe, ya tara kuɗi ya sa ta almini mai zamiya domin ya huta. Ƙarshenta sai ga shi yana cusa tsumma da kwali a gefen firam.

Mutane da dama sukan ce a yi haƙuri, haka aikin yake. Sai dai tagar da aka kafa daidai ba ta barin iska ta yi fito ta gefenta, kuma dokar Najeriya ta bai wa wanda ya biya kuɗi damar neman gyara.

Ina matsalar take?

Yawanci daga awo ake fara kuskure. Idan aka ɓalle tsohuwar taga, bakin bangon yakan farfashe. In mai aikin ya yanka firam ɗin da ya gaza ramin, sai a cike gibin da siminti a gaggauce. Almini na buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, shi ya sa simintin kan tsage a rabu da shi, musamman in ba a bi gefen da silikon ba.

Na biyu, firam ɗin da aka kafa a karkace ba ya barin ƙyauren gilashin ya haɗu da gefensa. Na uku, akwai robar da ke riƙe gilashi da siririn burushin da ke tsakanin ƙyaure biyu, waɗanda wasu kan tsallake don rage kashe kuɗi. Sannan almini marar kauri yakan lanƙwashe.

Ramin da ya shigo da ƙura a hunturu, shi zai shigo da ruwa a damina ya jiƙa bango, ya kuma zama ƙofar sauro.

Abin da doka ta ce

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar CPC.

Sashe na 130 na dokar ya bai wa wanda aka yi wa aiki haƙƙin a kammala masa a kan lokaci, da irin ingancin da mai hankali zai sa rai, kuma da kayan da ba su da aibi. Idan aikin ya gaza, yana iya neman a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon ɓarnar.

Sashe na 132 kuma ya shafi kayan kansu: in suna da aibi, mai saye na iya mayar da su cikin wata uku da karɓa, a gyara, a canza, ko a biya shi.

A nan ne lokaci ke da muhimmanci. Wanda aka sa wa taga a watan Yuli bai ga ƙura ba sai Disamba, wata ukun sun wuce, kuma mai aikin na iya cewa ginin ne ya motsa.

A Zamfara, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, batun ba baƙo ba ne. Fiƙihun Malikiyya ya san zaɓin mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai gani ba lokacin ciniki.

Gwaji kafin cikon kuɗi

Ba sai an jira hunturu ba. Ranar da aka gama aiki, a rufe tagar da rana tsaka a duba daga ciki: duk inda haske ya ratso tsakanin firam da bango, iska za ta bi.

A matse takarda da ƙyauren, a ja. In ta zare ba wuya, bai kama ba. A sa yaro ya watsa ruwa da buta daga waje a ga ko zai gangaro ciki. A auna firam daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, a karkace yake.

Tsafe na kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. In daga ɗaya cikin garuruwan nan aka ɗauko mai aikin, dawo da shi bayan ya karɓi kuɗinsa duka sai an sha wuya. Don haka a riƙe wani kaso har sai an gwada.

In an riga an biya

A ɗauki hoto da bidiyon wurin, a adana rasit ko shaidar tura kuɗi ta waya. Kada a kira wani ya taɓa aikin tukuna, domin hakan kan bai wa na farko hanyar zamewa.

A fara da mai aikin cikin mutunci, a aika masa saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar da ake so ya zo. In ya ƙi, a kai maganar ga maigidansa ko shugabannin masu sana'ar, ko a nemi sulhu wajen mai unguwa.

In duk wannan ya ci tura, ana iya shigar da ƙorafi a FCCPC ta shafinta na intanet, dokar kuma ta ba da damar zuwa kotu kai tsaye.

Galibin irin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, bisa yarda. Amma 'yar takarda mai ɗauke da awon taga, kaurin almini, farashi da alƙawarin gyara, da sa hannun shaida ɗaya, ita ce za ta raba gardama ranar da ƙura ta fara shigowa.